Ludayin da Aka Sassaƙa wa Hannun Babana

Akwai wata rumfa a Gusau, bayan tashar da muke lodin Tsafe, inda ake shan fura. Yanzu babu ita, shaguna ne a wurin. Amma a ƙarshen shekarun casa'in, lokacin da nake jan bas tsakanin Gusau da Tsafe, duk wanda ya san fura ya san rumfar nan. Wata Bafulatana ce daga rugagen wajen Wonaka take kawo nono tana damawa, kowa Inna yake ce mata. Furarta da daɗi, ban musa ba, sai dai ba ita kaɗai ce mai fura mai daɗi a Gusau ba. Abin da ya tara mutane rumfar ce kanta, ita kuwa aikin mutum ɗaya ce, wani masassaƙi daga Furfuri ta ƙasar Bungudu.

Ɗan tsamurmurin dattijo ne, gajere, kullum da gizago rataye a kafaɗa. In ka gamu da shi a hanya ba za ka waiwaya ba. Shi ya kafa dirkokin rumfar, ya sassaƙe su tun daga ƙasa har inda suka tallafi jinka. Bai taɓa sassaƙa fuskar mutum ko surar dabba ba, ya ce wannan ba hurumin ɗan Adam ba ne. Layuka ne kawai da ƙulle-ƙulle, wani ya miƙe kamar kunyar gero, wani ya nannaɗe ya shige ƙarƙashin ɗan'uwansa ya ɓullo ta inda ba ka zata ba. Amma in hantsi ya shigo ta gabas ya kwanta a kansu, wallahi sai ka ga kamar suna motsi. Na sha cika mota saura mutum ɗaya, in yi ta danna oda har in gaji, in sauka a fusace in tarar da fasinjan tsaye a gaban dirka, baki buɗe, ya manta da inda za shi. In na je da niyyar yi masa masifa, ni ma sai in ɗan tsaya.

A cikin rumfar, ƙoruka ne rataye a jikin jinka, kowace da ludayinta, kowace da mai ita. Masassaƙin ne yake zana su da wuƙar da ya gasa a wuta. Ba a zuwa a ce masa a yi mini. Zama yake a gefe yana kallon yadda kake shan fura, yadda kake riƙe ƙwarya, ko kana magana da fura a baki, ko kai mai kurɓa ne ko mai zubawa. Sai ya yi watanni yana kallonka bai ce komai ba. Rannan kawai ka zo, Inna ta miƙo maka fura a sabuwar ƙwarya, rumfa ta ɗauki sowa, an yi maka ƙwarya ke nan. Tawa da ta fito, zanen walƙiya ne ya kewaye ta, tsini bisa tsini. Mutane suka yi ta dariya suna cewa ga halin direba nan an zana. Na tashi ina faɗa cewa ni ba mafaɗaci ba ne, dariyar ta ƙaru. Doka ɗaya ce a wurin, ƙwaryar rumfa ba ta zuwa gida. In ka gama, a wanke a rataye, gobe ka dawo ka same ta.

Ba a Gusau kaɗai aka san hannunsa ba. Ranar kasuwar Tsafe nakan ɗauke shi da kayansa, akusa da ludaya da kujerun mata, kuma kafin azahar ya sayar ya zauna yana hira. Mace ta shigo motata da ƙwarya a cinya, da na duba madubi na san ko aikinsa ne. Mutum biyu da ba su san juna ba sukan ƙulla zumunci a cikin mota saboda ɗaya ya gane zanen akushin ɗaya. Da ya rasu a ƙarshen wata damina, kafin shekara ta dubu biyu, ban yi lodin Tsafe ba ranar, Furfuri na yi ta kai mutane ina dawowa. Bai taɓa sa sunansa a jikin komai ba, kuma duk wanda ya je jana'izar yana da wani abu nasa a gida. Ni abin da ya sa har yau nake tuna shi, ludayi ne guda ɗaya.

Babana manomi ne daga Ruwan Bore. Bayan rasuwar mahaifiyata na matsa masa ya dawo wurina a Gusau, yana ɗan sayar da hatsi don kada zama ya ishe shi. Da shi da masassaƙin tsara ne, kuma wurin zaman Baba a rumfa sananne ne, jikin dirkar gabas. Wata safiya hawan jini ya kayar da shi a bakin rijiya, ɓarin jikinsa na dama ya shanye. Muka yi jinya a asibiti, Allah Ya sa ƙafar ta ɗan dawo, yana jan ta da sanda. Maganar ma ta dawo, da nauyi-nauyi. Hannun ne ya ƙi. Yatsun suka lanƙwashe ciki suka ƙage, wuyan hannun ya karkace, sai kafaɗar kawai yake iya ɗan motsawa.

Daga nan Baba ya daina cin abinci. Ba wai ya ce ba zai ci ba. In matata ta kawo tuwo, na zauna na ɗebo na kai masa baki, sai ya karɓi loma ɗaya, biyu, ya juya fuska bango ya ce ya ƙoshi. Kunya ce take cinsa, ɗan da ya haifa yana ba shi a baki. Na ce to ga hagu nan lafiya lau, ya ci da ita mana. Ya dube ni kamar na zage shi.

Muka ɗauka matsalar ta hukunci ce, sai muka yi ta kawo masa malamai. Limamin unguwarmu ya zo ya zauna ya yi masa bayani tiryan-tiryan, cewa mai lalura ba shi da laifi in ya ci da hagu. Baba ya saurara har ƙarshe cikin ladabi.

"Na sani, Malam," in ji shi. "Na san ya halatta."

"To, mi ya hana?"

"Tun ina yaro anka buge man shi in na kai ga akushi. Hannun da nike tsarki da shi na. Yanzu da hurhura za ni koya mai hanyar baki? Ko na ɗauko, maƙoshina ba shi karɓa."

Liman ya yi addu'a ya tafi. Muka kawo wani malamin, muka kawo wani, duk abu ɗaya suka faɗa, shi ma amsa ɗaya ya ba su. Sau ɗaya na san ya gwada ci da hagun, ya sa an rufe masa ƙofa, sai na ji ƙarar kwano a ƙasa. Ban shiga ba, shi ma bai taɓa tayar da zancen ba.

Baba ya rame har rigarsa ta koma kamar ta aro. Likita ya gaya mini a fili cewa maganin ba zai yi aiki a cikin da babu abinci ba, kuma in aka ci gaba a haka, yunwa za ta riga ciwon. Na yi lallashi, na yi faɗa, na yi fushi na fita na dawo. Tsoro ya kama ni sosai, irin wanda ban taɓa ji ba ko a kan hanya. Rumfa kuwa ko sunanta ba ya so a ambata. Abokansa suna zuwa dubiya, sai su rasa yadda za su gaishe shi. Wani ya kama masa hagu, wani ya dafa ƙirjinsa daga nesa. Kowa yana kauce wa hannun daman, har da ido.

Masassaƙin bai zo da wuri ba, har na fara ƙullatarsa. Ranar da ya zo, ya yi sallama, ya ajiye gizagonsa a bakin ƙofa, ya durƙusa, ya miƙa hannu kai tsaye ya kama hannun daman Baba, shanyayyen. Baba ya yi kamar zai janye, to da me zai janye? Masassaƙin ya riƙe shi da hannu biyu, suka shiga gaisuwa. Ina gajiya, ina iyali, ina ruwa, ya geron Ruwan Bore, an ce gara ta fara taɓa dirkar yamma. Duk tsawon hirar nan bai saki hannun ba, yana ɗan murza yatsun a hankali kamar mai wasa da carbi. Ko sau ɗaya bai ce Baba ya ci abinci ba. Da ya gama ya ce Allah Ya ƙara sauƙi, ya ɗauki gizagonsa ya fita. Na raka shi ina cika ina batsewa, a raina ina cewa mutum yana mutuwa, shi ta gara yake yi.

Bayan 'yan kwanaki ya same ni a gidan mai. Lokacin wahalar mai ne, na kwana biyu ina bin layi, ban daɗe da samu ba.

"Direba, ka kai ni bakin gulbi, gaba da Bungudu."

"Malam, yanzu? Man nan da kyar na same shi."

"Shi na na ga ka samu," in ji shi, ya buɗe ƙofa ya shiga gaba.

Ba a ce masa a'a, ban san dalili ba, amma ban taɓa ganin wanda ya ce ba. Muka kama hanya da mota ba fasinja, ina tuƙi ina ƙunƙuni. Na lura hannunsa na dama yana cikin hannun riga bai fito da shi ba, na ɗauka ya yanke ne wurin aiki.

A bakin gulbi ya sauka ya shiga bin itatuwa, ni ina biye. Ya tsaya a gindin wannan ya ɗaga kai, ya wuce. Ya shafa wancan, ya wuce. Rana ta take, gumi ya jiƙe mini riga, na ce masa ga itace ko'ina, wai me ake nema ne? Ya ce reshen da ya tanƙware da kansa yake nema, don in shi ya tanƙwara ice da gizago, wurin nan ne zai karye. Can a gefen wata gona muka sami wata bishiyar danya mai wani reshe da ya bushe a jikinta, ya fito ya yi gwiwa ya komo. Ya daɗe yana kallonsa. Sai da ya nemo mai gonar ya roƙi izini, sannan ya sa ni na hau na saro.

Ya zauna a inuwa ya ɗora reshen a cinya. Sai ya zaro hannun nan daga cikin riga ya ɗora a kan icen. Hannun babana na gani. Yatsun a lanƙwashe daidai yadda nasa suke, babban yatsa a manne, wuyan hannun a karkace, har ɗan ƙaramin yatsan da ya hau kan na kusa da shi. Ni da nake wanke hannun nan kullum da safe ban san na san shi haka ba, sai da na gan shi a jikin wani.

"Malam, mi ya sami hannunka?"

"Ba komi. Na Babanka na, na aro." Ya gwada icen a jikin yatsun, ya yi alama da farce. "Tun randa na gaishe shi, haka nike ci da shi, ina ɗaga shi da hagu, in ga inda abin ka tsayawa. Wuyan hannun na ba shi juyawa. In anka gyara wanga, sauran mai sauƙi na."

Na zauna a ƙasa. Na ga yana sara da gizago a hankali, ya saki hannun ya yi aiki, ya mayar da shi yadda yake ya gwada, ya sake saki. Bai auna da komai ba, bai zana komai a ƙasa ba. Kafin la'asar abin ya fara fitowa. Ludayi ne, amma ban taɓa ganin irinsa ba. Mariƙin ya zagayo ya yi zobe wanda zai shiga ta kan lanƙwasassun yatsu ya zauna ba sai an riƙe ba. Daga ƙasa ya bar wani ɗan fiffike da zai kwanta a ƙarƙashin wuyan hannu, inda hagu za ta tallafa ta ɗaga. Bakin ludayin kuma ya karkatar da shi gefe, yadda in hannun ya taso a karkacensa, shi zai iso baki a daidai. Hagu ce za ta yi dakon, amma dama ce za ta kai abinci baki.

Na ce ya ba ni in kai wa Baba a daren nan. Ya ce bai gama ba, saura gogewa da zane. Nan fa na tashi. Na ce wane irin zane, mutum yana kwance yunwa tana cinsa, ado za a tsaya yi? Ya bar ni na gama, yana kaɗe ɓawon ice daga rigarsa.

"In na ba shi shi haka, kayan asibiti na," in ji shi. "Ba shi taɓa shi. Kai dai ci gaba da ba shi lomarka biyu."

Na mayar da shi Furfuri, na dawo gida ina lissafin ko Baba zai kai. Kwanakin nan sun yi mini tsawo. Da saƙo ya zo cewa an gama, rumfa aka ce in je. Na tarar da ludayin rataye kusa da ƙwaryar Baba, mutane sun kewaye shi. Masassaƙin ya goge shi ya yi santsi, ya shafe shi da man shanu har ya yi ja. Ya bi zoben da zanen zangarniyar gero, ƙwaya bayan ƙwaya, ƙanana ƙwarai, har kana jin in ka shafa za su zubo. Fiffiken ma da ba wanda zai gani in an sa, ya zane shi ciki da waje. Na san an yi shi ne don nakasa, amma duk wanda yake tsaye a wurin so yake a ce nasa ne, har da ni.

Na miƙa hannu zan sauke, ya ce in bari, kayan rumfa ba su zuwa gida. Na ce Malam, mutumin da ko ƙofar gida ba ya leƙawa? Ya ce mu je tare. A gaban Baba ya durƙusa, ya sake kama hannun daman, suka gaisa.

"Na yi wani aiki, ina tsammanin na ɓata shi," in ji shi. "Mutanen rumfa dut sun ce ya yi kyau, ka kau san su, ba su da ido. Kai kaɗai ka iya hwaɗa man gaskiya."

"Kawo in gani."

"Shina rumfa. Ka san doka."

Baba ya juya fuska bango. Na raka masassaƙin waje. Amma washegari da hantsi, ina shirin fita, na ji Baba yana kira da muryarsa mai nauyi, wai a ɗauko masa farar riga da hula.

Na kai shi a mota har bakin rumfa, ya ƙi in riƙe shi, ya ja ƙafarsa da sanda har jikin dirkar gabas ya zauna. Aka gaisa sama-sama, ba wanda ya yi mamaki a fili. Inna ta sauke ƙwaryarsa ta ɗauraye, ta dama fura, ta ajiye masa a kan wata 'yar kujera daidai gwiwa. Masassaƙin ya sauko da ludayin ya nuna masa. Baba ya daɗe yana kallon zangarniyar nan. Sai masassaƙin ya kama hannun ya zura zoben, ya shige ya zauna kamar tare aka haife su. Ya ɗauki hagun Baba ya sa a ƙarƙashin fiffiken. Daga nan ya juya masa baya, ya ta da gardama da ƙarfi a kan ko gara ce ko danshi ke cin dirkar yamma. Nan take rumfar gaba ɗaya ta juya yamma, manyan mutane suna ta musu a kan gara kamar ransu ya dogara da ita. Inna ma ta sunkuyar da kai tana wanke abin da ta riga ta wanke. Ni kaɗai na kasa, na tsaya a gefe ina kallo.

Baba ya yi bisimilla. Ya tura ludayin cikin ƙwarya, ya ɗago. Na farko ya zube masa a farar riga. Na ji kamar in ruga, amma na tsaya. Ya dubi rigar, ya dubi bayan mutanen da ke gardama, ya sake turawa. Wannan karon ludayin ya taso a karkace, ya iso bakinsa daidai, ya kurɓa. Na ga maƙogwaronsa ya motsa. Ya sake, ya sake, yana hutawa yana numfashi, har ya ci rabin ƙwaryar.

Sai ya ɗaga kai ya gan ni. Ya dube ni tun daga sama har ƙasa, kamar ya daɗe bai gan ni ba. Ya yafuto ni da ka, na matso na durƙusa a gabansa, na zaci wani abu ne ke masa ciwo. Ya cika ludayin, ya tallafo shi da kyar, ya miƙo mini shi da hannunsa na dama har bakina.

"Kai ma ka rame," in ji shi. "Sha."

Ina da mata da 'ya'ya, ga mutane cike da rumfa. Na buɗe baki na sha.